Yadda ake gano ƙololuwar ma'adanar da furoses ya ci, da yadda ake mayar da ma'aunin baya

Duk wanda ya zauna a Yamai lokacin ambaliyar 2020 ya ga abin da ruwa ya bari a bangon gidajen da ke bakin kogin Isa bayan ya janye: layin laka a miƙe, wanda ke nuna iyakar inda ruwan ya kai. Magini mai hankali da aka kira ya ɗaga dandamalin gida ba ya zuwa bakin kogi a watan Mayu ya auna ruwan rani. Wannan layin yake dubawa, domin shi ne shaidar rana mafi muni. Haka lamarin yake a ma'adanar aiki ta kwamfuta, wadda masu sana'a ke kira RAM. Adadin da manhaja take riƙe da shi a lokacin da ka duba allo ba shi ne ke kashe ta ba. Abin da ke kashe ta shi ne adadin da ta kai a ɗan lokacin da babu mai kallo, kuma tsarin Linux yana ajiye wannan adadi da suna VmHWM, wanda haruffansa uku na ƙarshe ke nufin alamar iyakar cikar ruwa.

Na fara ɗaukar wannan ma'auni da muhimmanci ne saboda wata ƙaramar sabar mai gigabait 4 da nake kula da ita a wani ofishi. Aikin haɗa rahoton ƙarshen wata yana tashi da dare, ya mutu kafin asuba, da safe kuma in tarar da ma'adanar kusan babu kowa a cikinta. An fara maganar sayen ƙarin RAM, kuma duk wanda ya taɓa zagaya shagunan kayan kwamfuta yana neman irin wadda ta dace da tsohuwar na'ura ya san kuɗi da lokacin da hakan ke ci. Kafin a kashe ko dala, ya kamata a san nawa aikin yake buƙata, kuma a wane mataki yake buƙatarsa.

Da farko a tabbatar cewa ƙarancin ma'adana ne ya kashe aikin. Idan ma'adana ta ƙare, ƙwayar Linux, wato sashen da ke raba wa kowa kayan aikin na'ura, takan zaɓi furoses ɗaya ta kashe shi da sigina mai lamba 9 domin sauran su rayu. Furoses shi ne manhaja a lokacin da take gudana, kuma kowanne yana da lambar shaida da ake kira PID. Wanda aka kashe ta wannan hanya yakan bar lambar fita 137 a tagar umarni, wato 128 a tara da 9, kuma ƙwayar tana rubuta labarin a kundinta:

sudo dmesg | grep -i "killed process"

Layin da zai fito yana ɗauke da sunan furoses ɗin da adadin da yake riƙe da shi a daidai lokacin da aka kashe shi. Idan babu irin wannan layi, to wataƙila matsalar tana wani wuri dabam, kuma duk abin da zai biyo baya ba zai warware ta ba.

Mutane da yawa sukan buɗe top, manhajar da ke nuna abin da kowane furoses yake ci a kan allo, su zauna suna kallo. Amfaninsa a nan kaɗan ne, domin top yana sabunta allonsa bayan kowane daƙiƙa 3 idan ba a canza masa saiti ba, alhali manhaja tana iya ɗibar gigabait guda ta sake shi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ƙwayar Linux ba ta dogara da leƙe lokaci-lokaci. Kafin ta karɓe wani yanki na ma'adana daga hannun furoses, takan kwatanta adadin da yake riƙe da shi da wanda ta ajiye a baya, ta riƙe mafi girma. Saboda haka hawan da ya wuce idon mutum ba ya wuce ta.

Ga yadda ake karantawa. A samo lambar furoses da umarnin pgrep ko pidof, sannan a duba fayil ɗinsa a cikin /proc, wurin da ƙwayar ke nuna bayanan kowane furoses. A misalan nan na ɗauki 2417 a matsayin lambar:

grep -E "VmPeak|VmHWM|VmRSS|VmSwap" /proc/2417/status

Layuka huɗu za su fito, kuma rikita biyu daga cikinsu shi ne kuskuren da na fi gani. VmRSS shi ne abin da furoses yake zaune a kai cikin RAM a yanzu, VmHWM kuma shi ne mafi girman abin da VmRSS ya taɓa kaiwa. VmPeak wani abu ne dabam: ƙololuwar filin da furoses ya nemi a keɓe masa a takarda, ko ya taka shi ko bai taka ba, kamar mutumin da ya yanki fili mai faɗi amma ɗaki ɗaya ya gina a ciki. Manhajojin Java da na Go sukan keɓe fili mai yawan gaske tun daga tashi, har mai dubawa ya firgita da adadin da ya zarce RAM ɗin na'urar gaba ɗaya. Idan tambayarka ita ce nawa na'ura za ta tanadar, VmHWM za ka duba. Adadin yana fitowa da alamar kB, kuma kowane ɗaya bait 1024 ne, saboda haka raba shi da 1024 yana ba ka megabait.

Layi na huɗu, VmSwap, yana da nasa gargaɗin. Idan na'ura ta matsu har ta fara kwashe shafukan ma'adana, wato ƙananan yankunan da aka kasa ta, zuwa faifai, waɗannan shafuka ba sa shiga lissafin VmRSS, VmSwap ne ke ƙirga su. Ma'ana, a na'urar da take cikin ƙunci, VmHWM yana iya nuna adadin da bai kai ainihin buƙatar aikin ba, domin ba a taɓa barin aikin ya miƙe ƙafa ba. Idan ka ga VmSwap ya tashi, ka sake gwajin a lokacin da na'urar ba ta da wani nauyi, ko a wata mai yalwar ma'adana.

Idan aikin irin wanda ke tashi ya gama ya fita ne, babu buƙatar farautar lambarsa. Manhajar time ta GNU tana jiran ya ƙare ta kawo rahoto:

/usr/bin/time -v python3 rahoto.py

A nemi layin da ya fara da "Maximum resident set size". Dole ne a rubuta cikakkiyar hanyar fayil ɗin kamar yadda na rubuta, domin kalmar time kaɗai tana kiran wani ƙaramin umarni na cikin bash, manhajar tagar umarni, wanda lokaci kawai yake aunawa. A Debian da Ubuntu ana iya tarar da cewa sai an girka kunshin mai suna time kafin fayil ɗin ya samu.

Wannan duka karatu ne, kuma yana da iyaka. Ma'aunin ƙololuwa hawa kawai yake yi. Idan manhaja ta ci megabait 900 a lokacin tashi domin loda wasu bayanai, sannan ta sauko 200, to VmHWM ba zai sauka ƙasa da 900 ba har ranar da za ta mutu, kuma duk wani hawa da bai kai 900 ba ya ɓuya a ƙarƙashinsa. Ga manhajar da ke gudana wata da watanni, kamar rumbun bayanai ko sabar shafin intanet, adadin yana iya zama tarihin wani abu da ya faru makonni shida da suka wuce. Ya gaya maka cewa ruwa ya taɓa kaiwa nan, amma bai gaya maka a wace damina ba. A da, mafita ita ce a kashe furoses a sake tayar da shi, abin da ba ya yiwuwa a tsakiyar ranar aiki, kuma ko ya yiwu, hawan lokacin tashi zai sake dawowa ya rufe komai.

Tun daga Linux 4.0, wanda ya fito a watan Afrilun 2015, an samu hanyar goge layin ba tare da taɓa furoses ba. Ana rubuta lamba 5 a cikin wani fayil mai suna clear_refs:

echo 5 | sudo tee /proc/2417/clear_refs

Na yi amfani da tee da gangan. Wanda ya rubuta sudo echo 5 ya bi shi da alamar karkatarwa zuwa fayil zai gamu da ƙin izini, domin tagar umarninsa ce ke buɗe fayil ɗin da ikonsa na talaka kafin sudo, mai ba da ikon shugaban na'ura, ya fara aiki. Idan furoses ɗin naka ne, ba ka buƙatar sudo ko kaɗan. Shi wannan fayil rubutu kawai yake karɓa, ba a karanta shi, kuma yana samuwa ne idan an gina ƙwayar da zaɓin CONFIG_PROC_PAGE_MONITOR, wanda manyan rabe-raben Linux suke kunnawa.

A kula da lambar sosai. Fayil ɗin yana karɓar 1 zuwa 5, kuma kowace da aikinta. Lambobi 1, 2 da 3 suna share alamar da ke nuna cewa an taɓa shafin ma'adana kwanan nan, alamar da ƙwayar ke dubawa idan za ta zaɓi abin da za ta kwashe lokacin matsi. Lamba 4 ta shafi wata alama ce da masu adana hoton furoses mai gudana suke amfani da ita. Waɗannan huɗun suna sa ƙwayar ta bi shafukan furoses ɗaya bayan ɗaya, alhali lamba 5 adadi guda kawai take sauyawa, shi ya sa ba na jin tsoron rubuta ta a sabar da mutane ke aiki a kanta.

Abu na biyu da ya kamata a fahimta shi ne gogewar ba ta mayar da ma'aunin sifili. Tana mayar da VmHWM daidai da VmRSS na wannan lokaci. Idan furoses yana riƙe da megabait 300 lokacin da ka goge, daga 300 za a fara sabon lissafi. Saboda haka a koyaushe ka rubuta adadin farawa, domin abin da matakin ya ci shi ne bambancin da ke tsakanin ƙololuwar ƙarshe da wannan adadi. Akwai kuma wani abin da ke ɓoye gaskiya a nan: idan manhaja ta saki ma'adana, ɗakin karatun C da ke ƙarƙashinta, wato tarin shirye-shiryen da ke karɓo mata ma'adana daga ƙwayar, ba lallai ne ya mayar wa ƙwayar nan take ba, yakan riƙe ta domin buƙata ta gaba. Mataki na biyu yana iya cin megabait 100 daga wannan ajiya ba tare da VmHWM ya motsa ba. Rashin motsin ba ya nufin matakin bai ci komai ba, yana nufin bai ci fiye da abin da aka riga aka riƙe ba. VmPeak kuwa lamba 5 ba ta taɓa shi.

Inda wannan dabara ta fi amfani shi ne a cikin manhajar kanta, domin furoses yana iya goge nasa ma'aunin ta hanyar /proc/self. Ga abin da na saka a aikin rahoton da na ambata:

def share():
    with open("/proc/self/clear_refs", "w") as f:
        f.write("5")

def kololuwa():
    with open("/proc/self/status") as f:
        for layi in f:
            if layi.startswith("VmHWM:"):
                return int(layi.split()[1])

Kafin kowane mataki a kira share, a karanta adadin farawa, a gudanar da matakin, sannan a sake karantawa a rubuta a fayil. Aikin nawa matakai uku ne: ɗauko bayanai daga rumbu, lissafi, da fitar da takardar Excel. Kowa a ofishin, har da ni, yana zargin lissafin. Ma'aunin ya nuna cewa matakin farko ne ke ɗauko layukan shekara guda gaba ɗaya ya tara su a ma'adana, sannan ya yi musu kwafi na biyu kafin ya saki na farko. Da aka sa shi ɗauko su kashi-kashi, aikin ya daina mutuwa, kuma ba a sayi komai ba. Ba na cewa kowace matsala haka take ƙarewa, akwai aikin da da gaske yake buƙatar ƙarin RAM. Amma ko a wannan hali, gara ka je wurin mai riƙe da kuɗin ofis da adadi a hannu ka ce masa, ranka ya daɗe, mataki kaza yana kaiwa kaza, na'urarmu kuma kaza take da shi.

Na ce a rubuta a fayil, kuma ina nanata shi. Da zarar furoses ya mutu, babban fayil ɗinsa na cikin /proc yana ɓacewa tare da duk abin da ke ciki. A garinmu kuma akwai ɗaukewar wuta, musamman a watannin zafi, kuma batirin ajiya ba kullum yake kai mutum ga dawowarta ba. Adadin da ke kan allo kawai yana tafiya da wutar. A sa manhajar ta rubuta kowane karatu tare da lokacinsa a faifai nan take, kada ta jira ƙarshen aiki.

Wani ƙanina da ke koyon aiki a wurina ya taɓa tambaya ta, ya ce, Yaya, me ya sa na rubuta cat /proc/self/status na ga adadi ƙarami haka, alhali manhajar tana cin ma'adana? Amsar ita ce self yana nufin wanda ya buɗe fayil ɗin, kuma a nan cat ne ya buɗe, saboda haka ma'aunin cat ya gani. Daga tagar umarni, lambar furoses za a yi amfani da ita.

Masu rubuta manhaja suna da wata ƙofar, wato kiran getrusage, wanda ke ba da adadi mai suna ru_maxrss. A Linux kilobait ne, a macOS kuma bait ne, kuma wanda ya kwashe lissafinsa daga wannan zuwa wancan ba tare da lura ba zai yi kuskure ninki 1024. Ban da haka, wannan adadi yana tsallake kiran exec, wanda furoses ke yi idan zai sauya manhajar da yake gudanarwa, ta yadda ƙaramin furoses da wani babba ya haifa yana iya gadon adadin da ba shi ya ci ba. Idan ina aikin gogewa da sake aunawa, VmHWM nake karantawa kai tsaye. Wasu harsunan shirya manhaja kuma suna da nasu ma'aunin na cikin gida: Python ya samu tracemalloc.reset_peak a siga ta 3.9, PHP kuma ya samu memory_reset_peak_usage a siga ta 8.2. Suna da kyau wajen gano layin da ke ɓarna, sai dai abin da harshen da kansa ya raba kawai suke ƙirgawa, ƙwayar kuwa da nata lissafin take yanke hukuncin kisa.

Sai batun hidimar da ba furoses ɗaya ba ce. PostgreSQL, Apache da PHP-FPM suna haifar ƴaƴa da yawa, kuma tara VmHWM ɗinsu wuri ɗaya yana ba da amsar da ba daidai ba ta fuska biyu. Shafukan da suke tarayya a kai ana ƙirga su a wurin kowane ɗa, sannan ƙololuwar wannan da ta wancan ba lallai ne a lokaci ɗaya suka faru ba. Abin da ya dace a nan shi ne ma'aunin rukuni, wato cgroup, wanda systemd, manhajar da ke tayar da hidimomin na'ura, ke buɗe wa kowace hidima. Fayil ɗin /proc/2417/cgroup yana nuna rukunin da furoses yake ciki, umarnin stat -fc %T /sys/fs/cgroup kuma yana nuna sigar da na'urar ke bi: idan ya amsa cgroup2fs, siga ta biyu ce.

A tsohuwar siga ta farko lamarin mai sauƙi ne. Fayil ɗin memory.max_usage_in_bytes yana riƙe da ƙololuwa, kuma rubuta 0 a cikinsa yana goge ta. Siga ta biyu ta daɗe ba ta da makamancinsa, sai a Linux 5.19 na shekarar 2022 aka ƙara memory.peak, wanda a lokacin karatu kawai ake yi. Damar gogewa ta zo a Linux 6.12, cikin Nuwamban 2024, kuma da wani sharaɗi da ke rikita mutane: gogewar tana aiki ne ga wanda ya rubuta kaɗai, ta ƙofar da ya buɗe fayil ɗin. Idan ka rubuta da echo sannan ka karanta da cat, buɗewa biyu ka yi, kuma cat zai nuna maka tsohon adadi kamar ba ka yi komai ba. An tsara shi haka ne domin masu sa ido biyu a kan rukuni ɗaya kada wani ya goge wa wani lissafi. Dole a buɗe sau ɗaya a riƙe, kamar a wannan misali na Python, inda hanya take nufin cikakkiyar hanyar fayil ɗin memory.peak:

fd = os.open(hanya, os.O_RDWR)
os.write(fd, b"share")
# a gudanar da aikin a nan
print(os.pread(fd, 64, 0))

Kowane rubutu da ba fanko ba yana wadatarwa, kuma amsar tana zuwa da bait. A duba sigar ƙwaya da uname -r kafin a gwada. Debian 12 yana zuwa da 6.1, Ubuntu 24.04 ya fito da 6.8, dukansu suna karanta memory.peak amma ba sa goge shi, Debian 13 kuwa da 6.12 ya zo. A na'urar da ba ta kai ba, sake tayar da hidimar yana ba ta sabon rukuni da sabon lissafi. Daga systemd 255 kuma, umarnin systemctl status yana nuna ƙololuwar hidima a layin ma'adana.

Ma'aunin rukuni yana ƙirga har da kwafin fayilolin da ƙwayar ke ajiyewa a RAM domin saurin karatu. Hidimar da ta karanta fayil mai gigabait 2 tana iya nuna ƙololuwa mai ban tsoro, alhali yawancin wannan ajiya ƙwayar za ta sake ta da zarar wani ya buƙaci wurin. A buɗe memory.stat a kwatanta layin anon da layin file. Na farkon shi ne abin da manhajar ta riƙe da hannunta, kuma shi ne ya fi kusa da abin da zai jawo kisa.

Ga masu Windows, waɗanda su ne mafi yawa a ofisoshinmu, karatun yana da sauƙi. A PowerShell:

Get-Process | Sort-Object PeakWorkingSet64 -Descending | Select-Object -First 10 Name, PeakWorkingSet64

Wannan yana jero furoses 10 da suka fi kowa hawa, da bait. Idan ana son auna mataki guda shi kaɗai a can, hanyar da nake bi ita ce in ware matakin ya zama furoses mai zaman kansa, in karanta ƙololuwarsa kafin ya fita.

Bayan an samu adadi, kada a dogara da gwaji ɗaya. A auna aikin da bayanai mafi yawa da yake gamuwa da su, na ƙarshen wata ko na ƙarshen shekara, a maimaita sau da dama, a ɗauki mafi girma. Sannan a jarraba adadin ta hanyar ɗaure aikin da iyaka kafin a amince da shi:

sudo systemd-run --scope -p MemoryMax=800M -p MemorySwapMax=0 python3 rahoto.py

Idan ya kammala a cikin wannan iyaka, an tabbatar da ma'aunin. Idan aka kashe shi, a koma ga fayil ɗin da yake rubuta karatunsa, a duba matakin ƙarshe da ya samu damar rubutawa, domin wanda ke biye da shi ne ya tsallake iyakar, kuma a cikinsa za a ƙara wuraren gogewa da karatu har a kai ga layin da ke ɗibar ma'adanar.